Takarda Biyu a Kan Kwandala Ɗaya

An yi wani mutum a nan Peshawar, mai shagon awarwaro da 'yan kunne a layin maƙera zinari. Sunansa kam ba zan faɗa ba, 'ya'yansa suna nan da ransu, kuma ba su suka yi ba.

Mahaifinsa ya rasu ya bar su su biyu, shi da ƙanwarsa Zarghuna, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da yara huɗu da keken ɗinki. Da aka buɗe akwatin tsoho sai ga wani ƙulli a ƙarƙashin barguna. Aka kwance. Kwandala ce ta zinari, tun ta zamanin sarakunan Mughal, rubutunta raɗau kamar jiya aka buga ta!

Kai, ku zo ku ga mutumin nan! Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba, ya ruga wajen Haji Sherdil, aminin babansa, wanda ya tsufa a cinikin tsoffin kuɗi. Haji ya sa tabarau, ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi salati.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta narkarwa ba ce. Kada ka goge ta, kada ka bari mata su sa mata tsamiya ko toka. Ka aika wa masu tantancewa na gaskiya, na ƙasar waje. Za su auna ta, su ɗauki hotonta gaba da baya, su ba ta maki, su rufe ta a gidan roba da lamba a jiki. Duk mai waya in ya buga lambar zai ga darajarta. Wata biyu ne, ka yi haƙuri. Sai ka sayar, ka ba Zarghuna kasonta."

"Duk mai waya, Baffa?"

"Har mai tallan gyaɗa."

To kun ji inda Shaiɗan ya samu ƙofa. Wata biyun bai dame shi ba. Ladan aikin bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, Zarghuna ma tana da waya.

Ya 'yan uwa, mai gaskiya tambaya yake yi, wa ya fi iya aikin? Shi kuwa sai ya shiga cigiyar wanda zai rubuta abin da aka ce masa. Mai neman irin wannan ai ba ya daɗewa. Aka nuna masa wani Nawroz, a saman bene, bisa shagon mai gasa nama, hayaƙi na shiga ta taga. Ga injin manne roba, ga hatimi iri-iri, ga takardu masu ruwan gwal a gefe.

Nawroz ya ga kwandala, ya haɗiye yawu. Ya ce, "Takarda nawa kake so, babban yaya?"

"Biyu. Ɗaya ta gida, ɗaya ta kasuwa."

"Ta gidan a ce me?"

"A ce jabu ce, gami ya fi zinarin yawa."

Nawroz ya ƙyalƙyale da dariya. "Ƙanwa ce, ko 'yan uba?"

"Ina ruwanka?"

"Ba ruwana, wallahi. Sa hannu nan. Ka bar min ita kwana uku, aiki ba ya son gaggawa."

Ya bar ta! Bai auna ba, bai ɗauki hoto ba, bai je da kowa ba. Mutumin da ko ɗan kunnen jaririya ba ya karɓa sai ya ɗora a sikeli a gaban mai shi! Me ya hana shi? Ba ya son shaida, don shaida yana da baki.

Bayan kwana uku ya karɓo abarsa a manne cikin roba, tana ta ƙyalli. Ya kai wa Zarghuna takardar gida, ya marairaice fuska, ya miƙa mata 'yan rupi da ko buhun gari biyu ba za su saya ba. Baiwar Allah ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙan Baba, ashe shi ma cutarsa aka yi. Kada ka sa wa ranka damuwa, Yaya."

Takardar kasuwa kuwa ya nuna wa wani likita daga Lahore, mai tara tsoffin kuɗi. Ya rantse masa da Allah. Likita ya biya nan take.

Sai ku ga shagali! An yanka rago, an sayo mota, an sake fentin shago. Yana tafe yana baza ƙamshi, gaisuwa ma da hannu ɗaya yake amsawa.

Shi likita ba yaro ba ne. Ya kwashi kwandala da robarta ya aika wa waɗancan masu tantancewar na gaskiya. Suka fasa roba, suka auna. Suka dawo da ita a 'yar leda, babu maki, sai kalma ɗaya: jabu. Ashe cikin kwana ukun nan Nawroz ya zuba irinta, ya manne, ta gasken ta haye iyaka.

Likita ya zo da zafinsa. Dattawan kasuwa suka zauna a harabar masallaci, Haji Sherdil a tsakiya, layin maƙera kaf ya rufe shago ya zo kallo. Mutumin nan ya miƙe yana ihu, "Nawroz ne! Shi ya musanya min!"

Aka kira Nawroz. Ya zo a natse, ya zaro takarda daga aljihu. "Dattawa, ni tun ranar farko na rubuta masa jabu ce. Ga sa hannunsa."

Dattawa suka ce, "Ta biyun fa, wadda aka nuna wa likita?"

"Wace ta biyu? Hatimi ai kowa na iya sassaƙawa."

Haji ya juyo ga mutumin. "Nauyinta nawa ranar da ka ba shi? Ina hotonta? Wa ya raka ka?"

Haji ya ci gaba, "To ɗana, zaɓi ɗaya. In ka san jabu ce, ka cuci likita da rantsuwa. In ka san ta gaske ce, wa ka kai wa wannan takardar?"

Gumi ya jiƙa wa mutumin riga. Da bakinsa, a gaban kasuwa duka, ya ce, "Ƙanwata."

Shi ke nan. Mota ta tafi, shago ya tafi, aka mayar wa likita haƙƙinsa. Dattawa suka ce kason Zarghuna a fitar mata daga rabonsa na gidan gado. Nawroz kuwa kafin sati ya kwashe injinsa, ba a sake ganinsa ba. Yau mutumin nan a bakin tasha yake tura kura yana sayar da safa. Wa zai sake damƙa masa zinari?

Ya 'yan uwa, wanda ya yarda ya yi maka ƙarya don ka cuci wani, kai zai bari? In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Gado Allah ne ya raba da kansa, bai bar wa wayon kowa ba. In kun samu irin wannan kaya, ku kai inda za a auna a gabanku, inda lambarsu kowa na iya dubawa, ku tafi da shaidu biyu. Ku kuma mata, ku daina cewa kunya. Ki sa mayafinki ki bi yayanki, ki ce a nuna miki lambar. Ba rashin ladabi ba ne, taimakonsa kika yi.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin 'yan uwa, ya kiyaye 'ya'yanmu, ya sa abin da za mu ci ya zama halal ko da kaɗan ne. Amin.