Shanyar Gwamma

Dalilin da ya sa duwatsun yammacin garin nan suka yi jerin gwano, babba a gaba ƙanana a baya, ba abin alfahari ba ne, yara. Ku saurara ku ji halin kakanninku.

A da duwatsu tafiya suke yi. Wata shekara ayarinsu ya taso daga arewa zai je teku shan ruwa, ya yada zango a bakin garin. Akwai wata tsohuwa, Gwamma, wadda ruwa ya jiƙa wa ɗan geron da ya rage mata. Ta je ta durƙusa gaban madugun duwatsun.

Ta ce, "Baba, ka ara mini bayanka in yi shanya. Kafin la'asar zan kwashe."

Madugu ya ce, "Shanya abinki. Muddin akwai naki a bayana, ba zan motsa ba."

Mai gari Jatau yana gefe yana ji. Ya ga inuwa, ya ga ruwa na gangarowa, ya ga mafaka daga mahara. Kafin Gwamma ta gama kwashe geronta, ya sa an baza barkono a ɗaya gefen, aka ce wa dutse, "Wannan ma nata ne." Washegari kuɓewa, jibi rogo. Ƙarya tsagwaronta, kuma ga baƙon da ya yi musu alheri!

Ran Gwamma ya ɓaci ƙwarai. Ta sami Jatau a ƙofar gidansa ta ce, "Mai gari, da sunana kuke ɗaure bawan Allah? Ƙishirwa fa yake ji."

Jatau ya ce, "Haba Iya, dutse ne. Ina ya san ƙishirwa?"

Ta hau ta gaya wa madugu gaskiya. Ya ce, "Ba ni da ido a baya. Ranar da kika share shi tas, ki ce mini in tashi."

Ta ɗauki tsintsiya. Ta share gabas a baza a yamma, ta koma yamma a baza a gabas. Tsohuwa ɗaya da gari guda. Haka ta yi ta fama har bayan dutse ya tsattsage don ƙishi, ita ma ƙarfinta ya ƙare. Da ta ji mutuwa ta zo, roƙo ɗaya ta yi: a binne ta a kwari, nesa da dutse.

Kun san abin da marasa kunyar nan suka yi? Suka ɗauke ta suka hau da ita can ƙololuwa suka binne, suna cewa wai girmamawa ce.

Shi ya sa har yau duwatsun suke jere, fuskarsu kudu, bayansu duk tsaga. Madugu ya san wannan karon ba ƙarya aka yi masa ba, na Gwamma ne a bayansa, kuma babu mai zuwa kwashewa.