Abin Da Reza Ya Gani A Hannun Dogo

Akwai wani ɗalibin likitanci da 'yan ajinsu ke kira Reza, saboda bakinsa. Yana da ƙoƙari, ba a musu, amma in ka yi kuskure a gabansa sai ka gwammace ƙasa ta tsage ka shige.

A ajin akwai Dogo, mai haƙuri, wanda sa allurar ƙarin ruwa ya gagare shi. Ya sha faɗuwa gwajin, har aka ce in ya sake faɗuwa zai maimaita shekara. Shi kuwa ya riga ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa in haka ta faru ya bar karatun.

Malamarsu, wata likita mai tsauri, ta haɗa su biyu-biyu, kowa ya kalli aikin ɗan'uwansa ya ba shi gyara. Dogo ya faɗo hannun Reza.

Dogo ya soka allura a hannun roba, ya kuskure jijiya. Reza ya taɓe baki ya ce ai wannan ko ɗinkin buhu bai iya ba. Aji ya kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba.

"Na ji ra'ayinka," in ji ta. "Yanzu faɗa masa abin da hannunsa ya yi."

Sai a lokacin Reza ya farga. Ashe duk tsawon lokacin nan bai taɓa kallon hannun Dogo ba, jiran kuskuren kawai yake yi.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga ɗakin karatu ya kasa zama, ya sayi abinci ya bar shi ya huce. Ya tsinkayi Dogo a bakin famfo yana ta wanke hannu shi kaɗai, ya nufe shi, ya fasa, ya sake juyowa. Kunya ce ke cinsa, da tsoron kada bakinsa ya kori mutum daga karatu.

Daga ƙarshe ya roƙe shi su koma ɗakin gwaji. Dogo ya bi shi ba don ransa ya so ba. Reza ya sunkuya ya zuba ido, Dogo ya soka, ya kuskure, ya sake sokawa. Can Reza ya gano.

"Riƙonka daidai ne. Amma da allura ta taɓa fata sai ka saki babban yatsanka, jijiyar ta zille. Ja fatar, kada ka saki."

Iyakar matsalar ke nan. Ranar gwaji Dogo ya samu jijiyar wata tsohuwa a sukar farko, ta bi shi da albarka.

Da suka fito, Reza na jiran godiya. Dogo ya gode, sannan ya tambaya ko shi ma zai iya faɗin abin da ya gani. Reza ya ce bismillah, yana murmushi.

"Allurarka ba ta kuskure. Amma matar da ka yi wa ɗazu hawaye take yi, tana tambayarka ko da zafi. Har ka gama ba ka ɗago ka dube ta ba."

Reza ya tsaya cak. Ya yi ƙoƙarin tuno fuskarta, ya kasa. Ya juya ya koma ɗakin marasa lafiya yana tambayar gadonta.

Darasi: Gyara ba zagi ba ne. Kalli aikin ɗan'uwanka da kyau, ka faɗi abin da ya yi daidai da wurin da ya kauce, kuma ka buɗe kunne in an zo kanka. Ku tura wa ɗalibai da abokan aikinku, wataƙila wani na gab da karaya.