Kafar Ganuwa da Ƙugun Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

A garin tumaki aka ba Gafiya gyaran ganuwa, aka ba Kura sintiri. Kowace damina sai ganuwa ta huje, ɗan rago ya ɓata. Tsohuwar Tunkiya, wadda ta rasa jika bara, ta je ta tsaya a bakin kafar.

Ta ce, "Gafiya, me ke huda ginin nan naki?"

Gafiya ta ce, "Ruwan sama ne, Iya."

Kura ta iso tana jan tumbi, ta ce, "Ni shaida ce, Iya. A nan nake tsayuwa."

Tunkiya ta dubi kafar, ta dubi ƙugun Kura, ta ja da baya. Ta ce, "Ikon Allah! Bara da kike a rame, kafar 'yar ƙarama ce. Ashe ruwan sama sai ya auna ki yake huda ganuwa."

Ƙurunƙus kan gafiya!