Awakin da Aka Yanka wa Marmaro

Akwai wani mutum a ƙasar Helenawa ta dā, wato Girka, yana da gona a gindin dutse, da garken awaki, da marmaro wanda ya gāda daga ubansa. Bisa dutsen kuwa kurmi ne mai duhu.

Sai masu sassaƙa jiragen ruwa na yaƙi suka zo suka sare manyan itatuwa. Masu narka azurfa suka biyo baya, suka mai da matsakaitan gawayi. Kututture kaɗai aka bari, kuma duk tohon da ya leƙo, awakin mutumin nan ne farkon masu yi masa maraba. Da ruwan sama ya sauko bai sami abin da zai riƙe shi ba, sai ya kwashi ƙasa ya zuba a teku. Marmaro ya yi ta ja baya har ya ƙafe.

Mutanen ƙasar sun ɗauka kowane marmaro yana da aljanarsa. Saboda haka mutumin ya ce, "Fushi ta yi da ni." Ya kama akuya ya yanka mata, ruwa bai zo ba. Ya ƙara wata, shiru. Haka ya yi ta yi, bawan Allah, har garken ya ƙare. Ya yi kuka mai zafi, gama ya ga gādon ubansa zai mutu a hannunsa. Ya ɗauki matarsa suka koma bakin teku, yana dako.

Bayan waɗansu shekaru ya ce mata, "Tashi mu je mu tone kututturan nan mu yi gawayi, mu sallama wurin."

Da suka isa, sai suka kasa gane dutsen. Kowane kututture ya yi rassa sun fi mutum tsawo, busasshen ganye ya rufe ƙasa. Suka gangara wurin marmaro, ga ruwa yana tsattsafowa daga tsagar dutse, siriri kamar zare. Mutumin ya yar da gatarinsa, ya durƙusa ya sha, ya yi ajiyar zuciya, yana dariya hawaye na zuba.

Ya ce, "Ashe ta karɓi hadayata."

Matar ta ce, "Maigida, wace aljana? Masu cin tohon ne ka yanka."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Dutsen nan ƙasar da Allah ya ba mu amana ce, kuma zuciyar mutum ce. Mu ma mun iya sara, mun iya ƙona gawayi, in rijiya ta ƙafe kuma mu ce maƙiya ne suka sa mana hannu. Mutumin nan ya nemi laifi a wurin da babu kowa, alhali mai ɓarnar yana kwana a gidansa, shi yake ba shi dusa.

Amma abin da ke sanyaya mini rai shi ne, Allah bai jira mutumin ya yi wayo ba. Rai yana nan a cikin saiwa tun farko, Mahalicci ne ya ajiye shi. Wataƙila ka ce naka ya riga ya bushe, gonarka ko aurenka ko addu'arka. Bai bushe ba. Kullum yana tohowa, kullum ana cinye shi. Idan ka koma gida yau, kada ka nemi wanda ya yi fushi da kai. Ka duba akuyar da kake kiwo, ka ɗaure ta.