Batirin da Bai Taɓa Cika Ba

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye da wutar lantarki ba ta kai ba. Tana da injin ƙyanƙyasar ƙwai, da kajin da yake fitarwa take riƙon jikokinta uku. Injin yana aiki da sola, faifai biyu a kan rufi da babban batir a gindin bango.

Ranar da mai haɗa sola ya kafa mata kayan, ya ce, "Mama, kada ki bar batirin nan ya sauka ƙasa da rabi. Kuma ko sau ɗaya a mako ki cire masa komai in ban da injin, ya sha rana har ya cika fal. In ana barinsa rabi-rabi, wani farin gishiri ne ke kama cikinsa, ya taurare."

Matar kuwa ba ta iya hana mutum abu ba. Da safe maƙwabta su kawo wayoyinsu caji. Mai aski ya kawo injin askinsa, mawaƙan coci su jona lasifika. Ranar da ta ce a bar batirin ya huta, wata maƙwabciya ta ce, "Haba Mama! Rana ai ta Allah ce, ko ke kika saye ta?" Sai ta ji kunya, ta karɓi wayar. Da tsakar rana ƙaramar fitilar da ke jikin na'urar cajin batirin takan nuna kore, sai ta ce a ranta ai ya cika.

Haka aka yi wata takwas.

A watan Agusta ta sa ƙwai ɗari da ashirin. Saura kwana biyu su ƙyanƙyashe, aka shiga marka, rana ta ƙi fitowa. Da safiyar rana ta biyu ta sa hannu cikin injin, ta ji sanyi. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kunne. Jiya ta ji ɗan tsako yana kuka a ciki. Yau shiru.

Mai haɗa sola ya zo ya auna batirin, ya girgiza kai.

Ta ce, "Ɗana, kullum fa yana shan rana."

Ya ce, "Yana sha, Mama, amma bai taɓa ƙoshi ba. Ba marka ce ta kashe shi ba, ya daɗe da mutuwa. Yanzu ko an ba shi wuta, babu inda zai ajiye ta."

Ta haƙa rami a bayan gida, ta binne ƙwan. Masu wayoyi kuwa suka koma wani gida.

Ma'anar wannan misali ita ce: batirin shi ne zuciyarmu, rana kuwa alherin Ubangiji, wanda ba ya ƙarewa. Wayoyi da lasifika su ne hidimomin da muke yi, kuma babu mummuna a cikinsu. Amma da yawa a cikinmu muna gudu daga zumuntar mata zuwa gaisuwar rasuwa zuwa taron dattawa, addu'armu rabi, karatun Maganar Allah rabi. Ranar Lahadi fuskarmu tana nuna kore, ciki kuwa yana taurarewa a hankali. Ƙwan nan su ne waɗanda Allah ya danƙa a hannunmu, 'ya'yanmu da masu raunin bangaskiya da ke jin ɗumi a jikinmu. Ranar wahala za ta zo, kamar yadda marka ke zuwa kowace shekara. Ka ware lokacin da za ka zauna gaban Ubangiji har ka cika, ko da wani zai ji haushinka. In ba haka ba, waɗanda ke ƙarƙashinka su ne za su fara jin sanyin.