Tutar Jirgin Kanyar Bawa

Ku matso kusa, ku rage surutun nan. Kai mai latsa waya, saka ta a aljihu, wannan da kunne ake jin sa. Labarin mutane ne irinku, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke shari'ar.

Akwai wani gari, Kanyar Bawa, wanda jirgin ƙasa ne ya kafa shi. Kafin a shimfiɗa dogo ba komai a wurin sai itacen kanya da rijiya. Da aka gina tasha, sai ga masu gyaɗa, ga fataken fata, ga mata da farantan rake da dafaffen ƙwai suna miƙa wa fasinjoji ta taga. Mutanen garin kuwa akwai ji da kai. In ɗayansu ya je baƙunta aka tambaye shi daga ina, sai ya gyara hula tukuna, sannan ya ce, "Mu 'yan tasha ne."

Ana nan sai jirgi ya fara fashi, yau ya zo gobe bai zo ba, har ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ciyawa ta rufe dogo, awaki suka gaje ɗakin sayar da tikiti. Tumatir ya riƙa ruɓewa a bayan mota kafin ya kai kasuwa, samari suka watse birane neman abin yi. Jin kan dai yana nan, amma ba abin da ke riƙe da shi.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Baba Nomau, tsohon tela, shugaban ƙungiyar ci gaban garin. Shagonsa yana kallon tashar, kullum yana taka keke yana kallon kango. 'Ya'yansa duk sun tafi, sai da salla yake ganin jikoki. Addu'arsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: Allah ya sa ya sake jin kukan jirgi a Kanyar Bawa kafin a kai shi makwancinsa. Har tsokanarsa ake yi, ana cewa, "Baba, jirginka ya iso?" Sai ya ce, "Yana hanya," ya ci gaba da ɗinki.

Rannan labari ya zo cewa gwamnatin tarayya za ta ware kuɗi a kasafi don farfaɗo da jiragen fasinja na yankuna. Sai dai layukan da suka mutu sun fi ƙarfin kuɗin, don haka zaɓa za a yi. Baba Nomau ya rufe shago, ya saka babbar rigarsa, ya kama hanyar Abuja. Can aka karɓe shi da mutunci, aka ce masa ba gari ɗaya ake ba jirgi ba, sai duk garuruwan da ke kan layin sun zo da murya ɗaya.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk suka amince, ban da Rafin Gawo, garin da gadar jirgi take. Tsakaninsu da Kanyar Bawa akwai tsohuwar gaba kan ranar kasuwa, dagacinsu Alhaji Makau kuwa mutum ne mai riƙo. Ya bar Baba Nomau zaune a zaure har rana ta take, sannan ya aiko a ce masa yana barci.

To, a Kanyar Bawa akwai wata mai sayar da hatsi, Hajiya Lantana, wadda ta taɓa auren ɗan dagacin nan. Auren ya mutu da ɓacin rai, ranar da za ta fita Alhaji Makau ya ce mata a gaban mutane, "Je ki, da ƙafarki za ki dawo ki durƙusa a zauren nan." Ita kuma ta ce ko a mafarki. Ta dawo gida ba ta da komai, ta fara da awon tiya-tiya, har ta kai ga rumbuna da ma'aikata. Duk yankin an san maganar dagaci, an kuma san ta ƙaryata shi, wannan shi ne adonta da ya fi zinariya a wurinta. Baba Nomau ya san abin da zai sauko da Alhaji Makau, amma bakinsa ya yi nauyi, ya kasa roƙon ta. Ita ta same shi a shago ta ce, "Baba, na ji an bar ka a zaure. Ka bar mini." Ta zaɓi ranar da kasuwar Rafin Gawo take ci, don kada a ce a ɓoye ta je. Ta cire takalmi, ta durƙusa a zauren Alhaji Makau a gaban jama'a, ta ce, "Baba, ka ce zan dawo, ga ni na dawo. Ka ba mu wakili ya bi mu Abuja." Dattijon ya bar ta a ƙasa har gwiwoyinta suka sage, yana ta hira da fadawansa kamar bai ga kowa ba. Daga baya ya ce ta tashi, ya ba da wakilin. 'Yan matan Rafin Gawo suka saka ta a waƙar gaɗa, ita kuwa ta daɗe ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Amma garuruwan layi sun tafi da murya ɗaya.

Sai aka kira su gaban kwamitin majalisa don jin bahasi. Baba Nomau ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Wani ɗan kwamiti ya saurara tsaf, sannan ya jefo tambaya: yankin nan yana da titi, yana da motoci, wa zai hau jirgin? A ƙarshen benci kuwa ga Sallau, shugaban direbobin tashar motar Kanyar Bawa, mai bas-bas na kansa. Shi ba da tawagar ya zo ba. Direbobi ne suka haɗa masa kuɗin hanya, suka turo shi ya faɗa wa kwamiti mota ta wadatar, don sun san ranar da jirgi ya dawo ranar cinikinsu zai karye. Da Baba Nomau ya ga Sallau ya miƙe, sai ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa shi ke nan, an gama da mu.

Sallau ya ce, "Ranku ya daɗe, ni aka aiko in ce mota ta ishe mu. Wallahi ba ta ishe mu ba. Mutum a kan mutum muke lodawa, mu ɗora buhu a kansu. In aka yi haɗari ni ake kira, ni nake kwaso mutane a bakin titi, ni nake sallama a ƙofar gida in gaya wa uwa ɗanta ba zai dawo ba. Na gaji da wannan aike. Ku ba mu jirgi, ko da ni zan rasa abinci." Da mai mota da bakinsa ya faɗi haka, ba wanda ya sake tambayar wa zai hau. Kafin Sallau ya iso gida labari ya riga shi. Direbobi suka tsige shi, suka hana motocinsa layin lodi, suna kiran sa maci amana. Ya sayar da motocin ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da in ya shigo tasha 'yan kamasho ke rige-rigen karɓar jakarsa, sai ga shi a gindin dalbejiya yana sayar da baƙin mai a galan. Amma kwamiti ya saka layin cikin waɗanda za a duba.

Saura dubawar. Aka aiko cewa injiniyoyi za su bi layin daga farko har ƙarshe, duk inda suka tarar an yi gini a filin dogo za a tsallake layin a kai kuɗin wani yanki, don ba a da lokacin shari'a. Nan fa ido ya raina fata, domin a tsawon shekarun da jirgi ba ya zuwa, 'yan tasha masu jin kai sun bi gefen dogo sun jera shaguna da gidaje. Baba Nomau ya bi su gida-gida, kowa ya ce sai an biya diyya. Diyya kuwa babu, fili tun asali na jirgi ne. Kowa ya zauna yana jiran ya ga wanda zai fara.

Gidan da ya fi kowanne kyau a layin na Ɗantani magini ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina wa mutane, shi yana haya. Nasa kuwa da hannunsa ya ɗora shi, in ya samu ya sayi bulo kaɗan, in bai samu ba ya jira wata kakar. Bai daɗe da shafa fenti ba, har mutane kan tsaya su kalla. Wata safiya ya fito da matarsa da 'ya'yansa da kayan ɗaki, ya hau sama ya fara ɓamɓare kwano. Matar tana kuka tana cewa, "Malam, ka bari a ga abin da sauran za su yi mana!" Ya ce, "Su ma ni suke jira." Ya sauko ya ɗauki babbar guduma. Shi ya san inda ya ƙarfafa ginin, don haka ya san inda zai buga. Baba Nomau yana tsaye yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Kafin azahar kunya ta kama maƙwabta, wannan ya ɗauko diga, wancan ya ɗauko shebur. Ranar da injiniyoyi suka iso, sun tarar da layi fes, har an share ciyawa. Ɗantani kuwa ya koma haya a bayan kasuwa, shi da iyalinsa a ɗaki ciki da falo, in ana ruwa sai an tara kwanuka.

Kuɗi ya fito. Aka canza ƙarafa, aka gyara gadar Rafin Gawo, aka kori awaki daga ɗakin tikiti. Samari suka fara dawowa neman aiki, har da ɗan autan Baba Nomau. Ku zo ku ga yadda mutanen Kanyar Bawa suka koma gyara hula! Masu cewa sai an biya diyya su ne kan gaba wajen ba baƙi labarin yadda muka yi, muka yi.

Da ranar buɗewa ta matso, shugaban tasha ya kawo wa Baba Nomau koriyar tuta, wadda ake ɗaga wa direba alamar ya tashi. Ya ce an ba garin girma, ɗan gari ne zai sallami jirgin farko. Amma a ƙa'idar aikinsu mutum ɗaya ke ba direba hanya, ba a haɗa hannu a kan tuta. Aka ce Baba ya ɗaga da kansa, ya ce a'a, shi yawo kawai ya yi, bai rasa komai ba sai takalmi. Cikin ukun nan ne: Hajiya Lantana, Sallau da Ɗantani. Sai ya yi dabara irin ta manya, ya bi su ɗaya-ɗaya, yana zaton za su yi wa juna kara, biyu su janye ya huta.

Hajiya Lantana ta ce, "Baba, ban taɓa neman komai a wurinka ba, amma wannan ina so. Mutanen Rafin Gawo za su zo a tarago na gaba. Sun gan ni a ƙasa, ina so su gan ni a tsaye."

Sallau ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Baba, yarana ana kiran su 'ya'yan maci amana a makaranta. In garin nan ya ba ni tutar, an wanke ni. In bai ba ni ba, to direbobi ne suka yi gaskiya."

Ɗantani bai iya doguwar magana ba. Ya nuna ƙaramar 'yarsa da ke wasa a bakin kwata, ya ce, "Kullum sai ta tambaye ni yaushe za mu koma gida. Ina so in nuna mata abin da na saya da shi."

Baba Nomau ya koma shago. Ya auna ta nan, ya auna ta can. Da Lantana ba ta durƙusa ba, da ba a kai gaban kwamiti ba. Da Sallau ya isar da saƙon da aka aike shi, da maganar ta mutu a ɗakin nan. Da Ɗantani ya bar gidansa a tsaye, da durƙuson da gaskiyar duk sun tafi a banza. Kuma ya sani sarai, duk wanda ya miƙa wa, ya ce wa biyu nasu ciwon bai kai ba.

Ranar ta zo bai yanke ba. Gari ya cika tasha maƙil, mata na guɗa, makaɗa na ta yi. Can daga wajen gada sai aka ji kukan jirgi, dogo, mai ratsa ƙirji. Tsohon ya dafa bango, ya ce, "Alhamdu lillahi." Jirgi ya shigo ya tsaya, fasinjoji suka hau, direba ya leƙo ta taga yana jiran a ba shi hanya. Ga Lantana, ga Sallau, ga Ɗantani riƙe da hannun 'yarsa, duk sun zuba wa Baba Nomau ido, tuta kuwa tana hannunsa a naɗe.

To, jirgi ba ya tashi sai an ɗaga masa, direba kuma ba zai kwana a nan ba. Ɗaya ta ba da mutuncinta, ɗaya ya ba da sana'arsa, ɗaya ya ba da gidansa. Ku da kuke zaune nan, in ku ne Baba Nomau, hannun wa za ku danƙa wa tutar?