Maharbin Da Ya Kori Mai Duba Masa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da bindigar toka wadda ya gada daga mahaifinsa. A ƙauyen nan, idan an gama girbi, maharba sukan rataye ƙwan zabo da zare a reshen ɗorawa, kowa ya yi harbi uku. Wanda ya fasa ƙwan, sunansa ne a bakin mutane har wata kaka.

To, ita bindigar toka, da ka taɓa kunamarta hayaƙin albarushi ya rufe maka ido, ba ka ganin inda harsashinka ya bi. Saboda haka kowane maharbi yana da mai duba masa, wanda zai tsaya gefe ya faɗa masa gaskiya.

Mai duba wa manomin nan abokinsa ne tun suna yara, ana ce masa Dogo. Kullum in suka fita gwaji, daram! sai Dogo ya ja murya ta hanci ya ce, "Hagu, mutumina. Ƙwan dai yana gaishe ka."

Ran nan manomin ya hasala. Ya ce, "Kai ba ka da wata magana sai hagu? Daga yau ka rufe mini baki, ni ma ina da ido!"

Dogo ya ce, "To, na rufe." Ya ɗauki hularsa ya tafi.

Shekara guda manomin yana fita bayan gari shi kaɗai. Ya ɗura, ya auna, ya harba, ya tsaya cikin hayaƙi yana tari. In ya ga ƙwan na lilo, sai ya ce, "Saura ƙiris." Ashe iska ce. Wani lokaci har yakan waiwaya zai yi magana, ya tarar ba kowa sai jakinsa.

Ranar gasa ta zo. Kowa ya harba, sai ka ji mai duba masa yana ihu, "Sauke kaɗan!" "Dama, dama!" Manomin ya harba na fari, shiru. Ya harba na biyu, shiru. Ya leƙa cikin taro, ga Dogo zaune, ya ga komai, bakinsa a rufe kamar yadda aka umarce shi. Kalma ɗaya za ta buɗe shi, amma manomin ya haɗiye ta. Ya harba na uku, ya saɓa bindigarsa, ya kama hanyar gida, ba mai rakiya.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: dukanmu cikin hayaƙin kanmu muke tsaye, ba mai ganin kuskurensa. Shi ya sa Ubangiji bai bar mu ɗai-ɗai ba, ya sa mu cikin ikilisiya. Amma mun iya cewa, "Ni za ka gaya wa? Tun ba a haife ka ba nake zuwa sujada!" Mutum ya yi shiru, mu ɗauka mun gyaru ke nan.

Kowannenku ya san wanda ya rufe wa baki. Wataƙila benci biyu ne tsakaninku yanzu haka. In an tashi, kada ku bi ta ƙofar baya.